Yarima De da Neman Ubangida: Fafutikar Cin Gashin Kan Mongoliya Ta Ciki a Zamanin Yaƙin Basasar Sin

A watan Disamba na shekarar 1949, cikin tsananin hunturun hamadar Gobi, wani basarake mai shekara 47 ya ƙetare iyaka daga ƙasar Sin zuwa Jamhuriyar Jama'ar Mongoliya tare da 'yan rakiya kaɗan. Sunansa Demchugdongrub, amma an fi saninsa da laƙabin da Sinawa suka ba shi, wato De Wang, ma'ana Yarima De. Ya shafe shekara goma sha shida yana neman abu guda, a bar wa Mongolawan da ke cikin Sin ikon tafiyar da harkokin ƙasarsu. Ya nemi wannan a hannun gwamnatin Sin, ya nema a hannun Japan, ya nema a hannun Amurka. 'Yan'uwansa na arewacin hamada su ne na ƙarshe da ya yi wa sallama. Sun tarbe shi da girmamawa, bayan wata biyu suka tsare shi, a watan Satumba na 1950 kuma suka miƙa shi ga sabuwar gwamnatin 'yan gurguzu ta Beijin.

Wanda zai fahimci yadda jikan zuriyar Chingis Khan ya ƙare a haka, sai ya faro daga ciyawa da ruwan sama, domin a nan tushen rigimar yake.

Makiyaya da garma

Hamadar Gobi ta raba ƙasar Mongolawa gida biyu. Sarakunan daular Qing, waɗanda suka mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, su ne suka kira ɓangaren kudu, mai kusa da fadarsu, Mongoliya Ta Ciki, na arewa kuma Mongoliya Ta Waje. Sun karkasa Ta Ciki zuwa gundumomi 49, kowace da yarimanta na gado, aka kuma tattara gundumomin a haɗaka shida. Hikimar wannan tsari ita ce hana Mongolawa sake dunƙulewa kamar yadda suka yi a ƙarni na 13. Makiyayi ba shi da izinin wucewa da garkensa zuwa gundumar da ba tasa ba, yarima kuma ba ya tara runduna sai da yardar fada. Amma tsarin ya zo da wata kariya, domin an daɗe ana haramta wa manoman Sin shiga su yi noma a ƙasar kiwo, ko da yake haramcin ya sha karyewa a ɓoye.

Kariyar nan tana da dalili wanda ilimin ƙasa ya tabbatar. A yawancin filayen kiwon yankin ruwan da ake samu a shekara bai kai milimita 400 ba, yana kuma raguwa yayin da aka nausa yamma. Ƙasar saman da ciyawa ke riƙewa ba ta da kauri, ƙarƙashinta kuwa a wurare da dama yashi ne. Muddin saiwoyin ciyawa na nan, iskar bazara ba ta iya ɗaukar ƙasar. Da zarar garma ta kifar da ita, manomi kan sami amfani mai kyau na 'yan shekaru, sa'an nan gonar ta gaji, iska ta kwashe abin da ya rage, ya matsa gaba ya share sabuwa. Bugu da ƙari, wuraren da manomi ya fi so, wato kwaruruka masu danshi da bakin koguna, su ne ainihin wuraren da makiyayi ke fakewa da tumakinsa da dawakinsa idan hunturu ya yi tsanani. Saboda haka asarar makiyayi ta fi girman gonar da aka yanka. In aka ɗauke masa mafakar hunturu, sauran filin da ya rage ba zai riƙe garken ba.

A shekarar 1902, shekarar da aka haifi Yarima De, fadar Qing ta sauya manufa saboda matsin bashi da tsoron Rasha, ta naɗa jami'i na musamman don buɗe ƙasar Mongolawa ga manoma. Jirgin ƙasa ya ƙarasa aikin. Layin dogo daga Beijin ya isa Kalgan a 1909, ya isa Hohhot a 1921, sa'an nan Baotou a 1923. Hatsin da a da ba shi da kasuwa saboda nisa ya zama kuɗi, ƙasa ta yi daraja, manoman da fari da yunwa suka koro daga arewacin Sin suka yi ta kwarara. Gaskiya ita ce yarimomi da dama sun ci moriyar wannan ciniki, domin bashin 'yan kasuwa ya yi musu katutu, suna sayar da ƙasar jama'a su biya. Lokacin da wani jami'in gunduma mai suna Gada Meiren ya yi tawaye a yankin Khorchin a 1929, fushinsa ya haɗa da shugabannin sojan Manchuriya da fadar yarimansa da ta yarda a yanka filayen. An kashe shi a 1931.

A 1928 gwamnatin 'yan kishin ƙasa ta jam'iyyar Kuomintang, ƙarƙashin Chiang Kai-shek, ta mai da yankin larduna irin na sauran Sin: Rehe, Chahar, Suiyuan da Ningxia. A taswirar mulki, sunan Mongoliya Ta Ciki ya ɓace.

Darasin arewa

Mongolawan kudu suna da misali a gabansu. A 1911 manyan Mongoliya Ta Waje sun tura wakilai birnin St. Petersburg neman taimakon Rasha, a watan Disamba kuma suka yi shelar 'yanci. Galibin gundumomin kudu sun nuna sha'awar shiga sabuwar ƙasar, amma yarjejeniyar Kyakhta ta 1915, wadda Rasha da Sin da Mongoliya suka sa wa hannu, ta bar su a waje. Daga 1921 arewa ta koma ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet, ta zama jamhuriya a 1924. Abin da matasan kudu suka karanta a wannan tarihi a fili yake, arewa ta tsira daga garma ne saboda ta sami ubangida mai ƙarfi. Abin da ya hana yarimomi bin wannan hanya shi ma a fili yake, domin gwamnatin gurguzu ta arewa ta ƙwace dukiyar sarakuna, ta taƙura wa gidajen ibadar addinin Buda, daga baya a ƙarshen shekarun 1930 ta rushe su ta kashe dubban malamansu.

Yarima De ya gaji sarautar gundumar Sunid Ta Dama yana yaro. Mutum ne mai riƙon al'ada, har ya ci gaba da barin doguwar kitsatsiyar sumar zamanin Qing shekaru masu yawa bayan an daina yin ta. Duk da haka ya bambanta da tsofaffin yarimomi wajen jawo matasan da suka yi karatun zamani a Beijin da Nanjin da Japan, waɗanda yawancinsu talakawa ne masu ƙyamar sarauta. Haɗa waɗannan rukunoni biyu shi ne ƙarfinsa.

Dama ta samu bayan Japan ta mamaye Manchuriya a 1931, ta kafa ƙasar je-ka-na-yi-ka ta Manchukuo a 1932, ta ware wa Mongolawan gabas lardin Xing'an, ta kuma ƙwace Rehe a 1933. Chiang Kai-shek a lokacin hankalinsa na kan yaƙi da 'yan gurguzu a kudancin Sin. Yarima De ya kira tarurruka a gidan ibada na Bailingmiao a 1933, da goyon bayan Panchen Lama na tara wanda ke zaune a yankin, aka aika wa Nanjin buƙatar cin gashin kai a ƙarƙashin tutar Sin. Hujjarsa mai kaifi ce: in ba a ba Mongolawa abin da za su kare ba, Japan za ta saye su da alkawari. Nanjin ta amince, aka kafa Majalisar Cin Gashin Kan Mongoliya a watan Afrilu na 1934, da tsohon Yarima Yun a matsayin shugaba, Yarima De kuma babban sakatare mai riƙe da ragama.

Majalisar ba ta da kuɗi, ba ta da sojan kirki. Lardunan suna nan daram, gwamnan Suiyuan kuwa, Janar Fu Zuoyi, bai ga dalilin raba iko da haraji da kowa ba. Rigima ta fi zafi a kan harajin ayarin raƙuma masu ɗauke da ƙwayar ofiyom daga yammacin Sin, wanda kowane ɓangare ke cewa nasa ne. A farkon 1936 Nanjin ta kafa wata majalisa dabam don gundumomin Suiyuan, ta tsaga tafiyar gida biyu.

Rigar aro

Jami'an rundunar Japan da ke Manchuriya sun daɗe suna zawarcin Yarima De da kyautar makamai da kuɗi. A watan Mayu na 1936 ya kafa Gwamnatin Soja ta Mongoliya, da Janar Li Shouxin cikin manyan kwamandojin dakarunta. Sabuwar gwamnatin ta ɗauki lissafin shekara daga naɗin Chingis Khan a 1206, ta kira 1936 shekara ta 731. Wasu daga cikin matasansa sun riga sun juya masa baya, domin tun a watan Fabrairu wani ɓangare na dakarun tsaron Bailingmiao ya yi bore ya fice, saboda ƙin haɗa kai da Japan. A watan Nuwamba aka tura rundunarsa, wadda akasarinta sojan haya ne, ta kai wa Suiyuan hari. Fu Zuoyi ya fatattake ta, ya ƙwace Bailingmiao ranar 24 ga wata.

Bayan ɓarkewar babban yaƙin Sin da Japan a 1937, sojojin Japan da kansu suka ci yankin, suka ɗora shi a Hohhot. A nan ne ya gane ma'anar karin maganar da ke cewa kayan aro ba ya rufe katara. Abin da Japan ke buƙata shi ne gawayin Datong, da ƙarfen kudancin Chahar, da layin dogo, da kuɗin ofiyom, da kuma shinge tsakaninta da Tarayyar Sobiyet. Saboda haka ranar 1 ga Satumba, 1939 ta haɗe yankin Mongolawa da wasu yankuna biyu na manoman Sin, ta kira haɗin Mengjiang, da hedkwata a Kalgan. Mutumin da ya fito don kada Mongolawa su nitse cikin Sinawa ya wayi gari yana shugabantar ƙasar da Sinawa suka fi yawa a cikinta nesa ba kusa ba. A kowace ma'aikata akwai mashawarci Bajapane, kuma maganarsa ita ce yanke. A 1940 aka sanya Mengjiang, ko da a takarda ne, ƙarƙashin gwamnatin Wang Jingwei da Japan ta kafa a Nanjin, wato dai ƙarƙashin Sin.

Adalci ya sa a faɗi cewa shekarun nan ba su tafi a banza gaba ɗaya ba. An buɗe makarantu masu koyarwa da harshen Mongol a gundumomi, an buga littattafai, an kafa ƙungiyoyin gama-kai don rage wa makiyaya dogaro da 'yan kasuwa masu ba da bashi da ruwa, an tura ɗalibai karatu waje. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe ofisoshin yankin bayan 1947 a waɗannan makarantu suka fara. Amma farashin ya yi tsada. A idon talakan Sin, wanda ya sha azaba a hannun sojan Japan, Yarima De maci amana ne, kuma wannan tabo bai taɓa goguwa ba, duk da cewa ya riƙa aika saƙo a asirce ga mutanen Chiang Kai-shek tun yaƙin bai yi nisa ba.

Abin da aka yanke a Yalta

A watan Agusta na 1945 dakarun Sobiyet da na Mongoliya Ta Waje suka ƙetaro hamada, Mengjiang ta rushe cikin kwanaki, Yarima De ya tsere Beijin. Ganin mahayan arewa a ƙasarsu ya sa Mongolawan kudu da dama suka ɗauka ranar haɗewa ta zo. A watan Satumba aka kafa gwamnatin wucin gadi a Sunid, mahaifar yariman. A gabas kuma wasu tsofaffin jami'an Xing'an, irin su Boyanmandu da Hafengga, suka tattara sa hannun jama'a, suka aika tawaga Ulan Bator neman a haɗa ƙasashen biyu.

Ba su san an riga an gama magana ba. A taron Yalta na watan Fabrairu na 1945, Stalin da Roosevelt da Churchill sun amince a bar Mongoliya Ta Waje a matsayin da take. A yarjejeniyar da Sin da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla ranar 14 ga Agusta, Chiang Kai-shek ya yarda zai amince da 'yancinta in ƙuri'ar raba gardama ta tabbatar. An kaɗa ƙuri'ar ranar 20 ga Oktoba, Sin ta amince a watan Janairu na 1946. Sharaɗin shi ne iyaka ta tsaya inda take. Marshal Choibalsan, shugaban arewa, yana da sha'awar haɗewar, amma ba shi da ikon saɓa wa Mosko, kuma neman kudu zai iya jawo masa asarar 'yancin da ya samu da ƙyar. Ya sallami baƙinsa da shawarar su koma su yi aiki da jam'iyyar gurguzu ta Sin.

A nan ne wani mutum dabam ya shigo fage. Ulanhu ɗan ƙabilar Tumed ne daga kusa da Hohhot, yankin da noma ya cinye tun da daɗewa har mutanensa suka koma magana da Sinanci. Shi kansa bai iya harshen Mongol sosai ba. Ya shiga jam'iyyar gurguzu a 1925, ya yi karatu a Mosko. A watan Oktoba na 1945 ya isa Sunid da mutane ƙalilan, ya sa aka sake zaɓe, ya zama shugaban gwamnatin wucin gadin, sa'an nan ya narkar da ita cikin wata ƙungiyar fafutikar cin gashin kai da ke hannun jam'iyyarsa. Mutanen gabas sun kafa tasu gwamnatin a watan Janairu na 1946, suka tura wakilai su nemi amincewar Kuomintang, aka yi musu kunnen uwar shegu. A taron Chengde na ranar 3 ga Afrilu suka yarda su rusa gwamnatinsu su bi Ulanhu.

Kuskuren Kuomintang a wannan gaɓa babba ne. Yaƙin basasa ya dawo gadan-gadan a 1946, fagen da ya fi muhimmanci kuma shi ne Manchuriya, wadda filayen Mongolawa ke mata iyaka ta yamma. Tsarin mulkin da aka zartar a ƙarshen 1946 ya ambaci mulkin kan gundumomin Mongolawa, amma ya bar lardunan yadda suke, domin Chiang ba zai ɓata wa janarorinsa irin su Fu Zuoyi rai ba. 'Yan gurguzu kuwa ba su da lardin da za su yi asara. Ranar 1 ga Mayu, 1947 aka kafa Gwamnatin Cin Gashin Kan Mongoliya Ta Ciki a garin Wangyemiao, wanda aka sauya wa suna zuwa Ulanhot, fiye da shekara biyu kafin kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin. Mahayan Mongolawa suka yi yaƙi a ɓangaren Mao Zedong. Da rabon ƙasa ya jawo zubar da jini da yanka dabbobi barkatai a 1947 da 1948, Ulanhu ya sassauta manufar a yankunan kiwo, ya hana ƙwace garkunan masu dukiya.

Alashan, 1949

Yarima De ya yi shekara uku yana zaman jira a Beijin, Chiang bai hukunta shi ba. A watan Janairu na 1949, gab da faɗuwar birnin, ya fice ta jirgin sama. Wanda ya miƙa Beijin ga 'yan gurguzu ba tare da yaƙi ba shi ne tsohon abokin gabarsa Fu Zuoyi, wanda sabuwar gwamnati ta saka wa da kujerar ministan albarkatun ruwa.

Yariman ya nufi Alashan, can ƙuryar yamma, inda yashi ya fi ciyawa yawa, ya tara ragowar yarimomi da 'yan boko da dakarun Li Shouxin. Ya je Guangzhou, inda gwamnatin Kuomintang ta koma tana shure-shuren mutuwa, ya nemi amincewarta. Ya kuma gana da jami'an jakadancin Amurka, yana nuna musu cewa Mongolawa masu ƙin gurguzu za su iya zama katanga a tsakiyar Asiya in an taimake su. Lissafin bai yi daidai da zamani ba. Alashan ba ta da teku, ba ta da hanyar da kaya za su iso, jama'arta kaɗan ne. Ranar 5 ga Agusta ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fitar da dogon bayanin da ya ɗora alhakin faɗuwar Sin a kan Kuomintang, alamar cewa Amurka ta tsame hannunta. Ƙasar da ta yanke ƙauna daga Chiang mai miliyoyin soja ba za ta zuba dukiya a kan yarima mai 'yan dubbai ba, balle wanda ya yi shekara tara tare da Japan.

Duk da haka, a cikin watan na Agusta aka yi shelar Gwamnatin Cin Gashin Kan Mongoliya a garin Dingyuanying, da Yarima De a kan gaba, yariman Alashan Darijaya kuma mataimaki. Ba ta cika wata biyu ba. A watan Satumba Suiyuan ta sauya sheƙa, Ningxia ta faɗi, Darijaya ya bi sabuwar gwamnati, Yarima De ya nausa cikin hamada. Lokacin da ya ƙetare iyaka a watan Disamba, Mao Zedong yana Mosko yana tattaunawa da Stalin. An sa hannu a yarjejeniyar ƙawancen ƙasashen biyu ranar 14 ga Fabrairu, 1950, ba a daɗe ba kuma aka kama baƙon na Ulan Bator.

Abin mamaki shi ne gwamnatin da ta ɗaure shi ita ce ta cika wani ɓangare na buƙatarsa. An soke lardin Chahar a 1952, aka haɗe Suiyuan da Mongoliya Ta Ciki a 1954, aka soke Rehe a 1955, Alashan ta shigo a 1956. Sai dai haɗewar ta zo da miliyoyin manoman Sin da ke zaune a waɗannan larduna, ƙaura kuma ta ci gaba. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 24 a yankin, Mongolawa ba su kai kashi 18 cikin ɗari ba, ko da yake yawansu, sama da miliyan 4, ya zarce na jama'ar ƙasar Mongoliya baki ɗaya.

An yi wa Yarima De afuwa a 1963 bayan shekara goma sha uku a kurkuku, aka ba shi aiki a wata cibiyar binciken tarihi a Hohhot, inda ya rasu a watan Mayu na 1966. A wannan watan ne aka fara taron jam'iyya a Beijin wanda ya tuɓe Ulanhu bisa zargin kishin ƙabila da yunƙurin ɓallewa. A farautar da ta biyo baya, daga 1967 zuwa 1969, aka tuhumi dubban ɗaruruwan mutane, yawancinsu Mongolawa, da zama 'yan wata jam'iyyar asiri mai neman haɗewa da arewa. Takardar tuhumar da gwamnatin Sin ta gabatar a kotu a 1980 ta ce mutum 16,222 ne suka mutu. Ulanhu ya tsira da ransa, aka dawo da shi, ya zama mataimakin shugaban ƙasar Sin daga 1983 zuwa 1988.